Ƙyastun Zamani a Dajin Tabalak

Idan kaka ta wuce, aka gama shigar da gero rumbu, ɗaya daga cikin ƴan gidanmu yakan tashi daga Tawa ya kai wa Kawu dusa da kanwa da hatsi a zangon da yake zaune da dabbobin dangi, arewa da Tabalak. Bana ni aka ɗora wa wannan aiki, kuma tafiyar ta faɗo a tsakiyar hunturu, lokacin da iska take tasowa daga arewa maso gabas tun da hantsi, ba ta kwantawa sai dare ya yi nisa. Cikin ƙananan kayan da na zuba a aljihun jaka har da wata ƴar sandar ƙarfe baƙa, wadda tsawonta bai wuce na ɗan yatsa ba, an ɗaure ta a igiya ɗaya da wani ɗan fallen ƙarfe mai kaifin gefe. Ƙanena da ke ci-rani a Abijan ne ya aiko da ita ta hannun wani ɗan unguwarmu, tare da saƙon cewa tana ba da wuta ko da ta jiƙe. Na gwada ta a gida a kan auduga ta kama, amma tsakar gida mai katanga ba wurin auna irin wannan abu ba ne.

Mun bar tashar Tawa da sassafe cikin motar ƴan kasuwa mai buɗaɗɗen baya, muka hau kwaltar da ta nufi Abalak da Agadas, wadda aka shimfiɗa domin jigilar uraniyom daga Arlit. Tsakanin Tawa da Tabalak kilomita 50 ne ko kusa da haka, sai dai ramukan hanya da tsayawa a shingayen jami'an tsaro sun sa rana ta ɗaga sosai kafin mu hango ruwa. Tabkin Tabalak yana cikin dausayoyin Nijar da aka sa a jerin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayoyin duniya a shekarar 2005, kuma wanda ya sauka a garin zai ga dalili da idonsa: lambuna sun kewaye bakin ruwa, masunta suna cikin jirage, raƙuma da shanu suna gangarowa sha daga kowace kusurwa. Na ci soyayyen kifi a bakin hanya, sannan na yi ciniki da mai amalanken jaki da zai kai ni zango da buhunana.

A kan amalanken nan aikin kunna wutar ya soma, ko da yake sai bayan la'asar aka ƙyasta ta. Sandar tartsatsi kawai take bayarwa, shi kuwa tartsatsi ransa bai kai ƙiftawar ido ba, saboda haka dole a tanadar masa abin da zai faɗa a kai ya kama. Na roƙi mai amalanke ya tsaya a wani kwari da tumfafiya ta cika. Ƴaƴanta da suka bushe sun tsage, farar audugarsu mai sheƙi ta leƙo waje, na tsinci cike da hannu ina kaffa-kaffa da nonon bishiyar, domin kowa ya san abin da yake yi wa ido. Mai amalanken, dattijo ne Ba'adare mai ƙarancin magana, ya dube ni na ɗan lokaci, ya ce audugar tumfafiya tana kamawa da sauri amma ba ta jiran kowa, in ban haɗa ta da abin da zai riƙe wutar ba, sai dai in ga haske in rasa wuta. Ya sauka da kansa ya ɓalle wani busasshen karan gero da iska ta jefo daga gonakin kudu, ya fasa shi ya ciro totuwar, ya kuma kwance guntun tsohuwar igiyar rama daga jikin amalanke ya miƙo mini. Waɗannan uku, da busasshiyar ciyawa mai laushi da na murje a tafin hannu, su ne na ƙulle a gefen rawani.

Kafin mu isa zango muka ratsa wani fili da gobarar daji ta cinye ba da daɗewa ba. Ƙasa ta yi baƙi iyakar ganin ido, gindin aduwa da na magarya sun babbake, babu ko tsinken da akuya za ta ɗauka. A gefen filin akwai wata doguwar hanya mai faɗi da aka share ciyawarta ƙaf da manjagara, irin wadda mutanen karkara suke yi tare da ma'aikatan gandun daji bayan damina domin tare wuta, kuma a daidai nan gobarar ta tsaya. Ɗaya gefen ciyawa tana nan tsaye, fara tas, har gwiwa. A ƙasar makiyaya, wato arewa da iyakar noma da dokar shekarar 1961 ta shata, ciyawar da damina ta bari ita ce rumbun dabbobi har wata damina, kuma shekarar da aka samu ruwa da yawa ita ce aka fi fargabar wuta a yankunan Abalak da Cintabaraden. Mai amalanke ya ce yawancin gobarar nan daga wutar shayi take tashi, ko guntun taba, ko yaran da suka gasa wani abu suka tafi.

Mun tarar da Kawu a gindin aduwa yana gyaran guga. Bayan an gaisa, an tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, an sauke buhuna an sha fura, sai ya ce wa autansa ya je wajen mata ya ɗebo wuta a dafa mini shayi. Na ce, "Kawu, ku bari in gwada wani abu da aka aiko mini." Na miƙa masa sandar. Ya juya ta, ya auna nauyinta a hannu, ya kai ta kusa da ido.

"Mi ne ne wanga, ɗana? Ƙusa ko kwalli?"

"Ƙyastu ne, Kawu, irin na zamani."

"To, in ƙyastu na, ina ƙanƙaratai?"

Tambayar tasa tana kan hanya, domin a nan ne bambancin yake. A ƙyastun da iyayenmu suka sani, dutsen ƙanƙara ya fi ƙarfen tauri, saboda haka idan aka buga su, dutsen ne yake yankar ƴan ɓarɓashi daga jikin ƙarfen, su yi ja saboda zafin bugun. A wannan kuwa al'amarin ya juya: sandar ce mai taushi, ita ake kankarewa, kuma duk wani abu mai tauri da kaifin gefe zai iya kankararta, ko bayan wuƙa, ko fasasshiyar kwalba, ko ma ƙanƙarar kanta. Sunan haɗin da aka yi ta da shi feroseriyom. Mafi yawansa wani ƙarfe ne da ake kira seriyom, sai lantan, sai baƙin ƙarfe kusan kashi ɗaya cikin biyar domin ya ba shi tauri, da ɗan magneziyom. Halin seriyom shi ne ƙananan ɓarɓashinsa suna kama wuta da kansu a cikin iska da zarar zafinsu ya kai digiri 150 zuwa 180, zafin da gogayya kaɗai take iya samarwa, kuma idan suka kama, tartsatsinsu yana kai wa wajen digiri 3,000. Wani masanin sinadarai ɗan ƙasar Ostiriya, Carl Auer von Welsbach, shi ya haɗa shi a shekarar 1903. Shi ne kuma tun a 1885 ya ƙirƙiro farar ragar nan da ake ɗaura wa fitilar famfo, wadda masu shayi da masu tebur suke haska kasuwar dare da ita kafin fitilun batir su cika gari. Wajen tace sinadarin da ake yin ragar daga wani irin yashi, sai ragowar da ke cike da seriyom ta yi ta taruwa, neman abin da za a yi da ita ne ya kai shi ga wannan haɗi. Ban tsawaita wa Kawu da duk wannan ba. Na karɓi biriken autansa, wanda gas ɗinsa ya ƙare tuni amma yake yawo da shi, na murza ƙafar ya ga tartsatsi, na ce masa ɗan dutsen da ke ciki da sandar nan abu ɗaya ne, an dai ƙara mata girma. Ya gyaɗa kai.

Wurin kunnawa Kawu ne ya zaɓa, kuma bai yarda a ƙyasta komai ba sai da aka gama shiri. Ya sa autan ya share ciyawa da ƙarangiya a kewaye har sai da ƙasa ta fito fili, faɗin da mutum zai kwanta ya miƙe ta kowane gefe. Ya tona ɗan rami da hannu, ya tara yashin a ɓangaren da iska take fitowa, ya jera duwatsu uku. Sannan ya kasa makamashi kashi-kashi kusa da gwiwarsa: tsinkayen ciyawa masu kauri, ƙirare sirara, waɗanda suka kai kaurin yatsa, da busasshen kandilo da ya ɓarɓasa gefensa. Dalilinsa shi ne harshen wutar farko ba ya ba mutum lokacin tashi neman itace.

Ni kuma na warware igiyar rama zare-zare, na yi ta ja ina sassauta ta har ta zama ɓuzu-ɓuzu, na naɗe ta da murjajjiyar ciyawa, na buɗe rami a tsakiya na cusa audugar tumfafiya, na ɗora ƴan yankan totuwa a gefe. Sabuwar sanda tana zuwa da baƙin fenti da aka shafa mata domin kare ta daga tsatsa, kuma fentin ba ya ba da tartsatsi, sai an kankare shi farin ƙarfen ya bayyana. Na riga na kankare gefe ɗaya a gida. Na durƙusa na ba iska baya, na kafa bakin sandar a ƙasa cikin audugar, na ɗora fallen ƙarfen a kanta a karkace. Akwai hanya biyu. Mafi yawan mutane suna tura fallen ƙasa, amma hannu yakan wuce ya ture tarin da aka sha wahalar shiryawa. Hanyar da ta fi ita ce a riƙe fallen daram a wuri ɗaya, kusa da audugar, a fizgo sandar baya da ƙarfi tana gogar kaifin. Haka na yi. Tartsatsi ya zubo fari, yana ƙara, ya faɗa tsakiyar audugar, ta tashi fuu lokaci ɗaya, zaren rama ya karɓa, ciyawa ta soma hayaƙi. Kawu bai jira ni ba, ya riga ya kife tsinkaye a kai, ya tare da tafin hannu, ya bi da ƙirare ɗaya bayan ɗaya yana barin kafar da iska za ta shiga. Kafin a wanke kofunan shayi kandilo ya kama.

Autan Kawu taubashina ne, saboda haka bai bar ni na ji daɗin abin ba. Ya ce ɗan birni ya zo da ƙarfen Turawa, amma ba don tsoho ya tare masa iska ba da sai dai a sha shayi da ruwan sanyi. Na ce ya karɓa ya gwada. Ya yi ta karta sandar da sauri-sauri, a sama, nesa da ciyawar, tartsatsi yana watsewa iska tana kwashewa. Da ya sauke hannu ƙasa, ya danna da nauyi, ya ja a hankali, sai ta kama masa. Abin da sandar take so ke nan: nauyin hannu da kusanci, ba gaggawa ba.

Bayan sallar isha'i Kawu ya shiga bukka ya fito da wata tsohuwar batta ta fata, wadda ta yi baƙi saboda shekaru. A ciki akwai ƙyastun mahaifinsa, ƙarfe lanƙwasasshe da yatsu suke shiga, da ƙanƙara guda biyu, da ɗan ƙullin tsumma da aka ƙona bai zama toka ba. Ya ɗora tsumman a kan dutsen ya danne da babban yatsa, ya sauke ƙarfen a gefen dutsen da wani irin bugu na shafa. Tartsatsin ja ne, kaɗan ne, kuma ba ya nisa. Da ɗaya ya sauka a kan tsumman sai wani ɗan jan ɗigo ya bayyana ya soma faɗaɗa, ya naɗe shi cikin ciyawa, ya ɗaga sama yana hurawa a hankali har hayaƙi ya yi kauri, wuta ta tashi a hannunsa. Na gwada ƙyastun nasa a kan ɗanyar igiyar rama, ko alama ba ta yi ba. Tartsatsin baƙin ƙarfe bai kai zafin da zai kunna zaren da ba a ƙona ba, shi ya sa mutanen zamanin da ba sa rabuwa da ƙonannen tsumma ko ƙonanniyar auduga, kuma ranar da ruwa ya shiga batta, ranar an kwana babu wuta. Sandar zamani ta ɗauke wa mutum wannan ɗawainiya, tana kai shi ga harshen wuta kai tsaye. Amma na lura da wani abu da tsohuwar hanyar ta fi ta da shi a irin wannan ƙasa: garwashin da ke cin tsumma iska ƙara masa ƙarfi take yi, alhali harshen wutar auduga iska kashe shi take yi. Da muka haɗa biyun, muka zuba tartsatsin sandar a kan tsumman Kawu, ko juya wa iska baya ba mu yi ba.

Da safe muka bi dabbobi rijiya, a can autan ya tuna da maganar jiƙewa, ya karɓi sandar ya jefa ta cikin kwamin ban ruwa, ya bar ta har raƙuma suka gama sha. Ya ciro ta ya goge a riga, ya karta, tartsatsi ya fito kamar ba a yi komai ba. Wannan gaskiya ne, kuma a nan ta fi ashana nesa ba kusa ba. Ta fi birike ma a wurin da yashi yake shiga komai ya toshe, kuma babu gas da zai ƙare ko ya tsiyaye a zafin rana. Sai dai masu tallarta ba su cika faɗin sauran zancen ba. Sandar da ta jiƙe tana aiki, amma ciyawar da ta jiƙe ba ta kamawa, kuma da damina wannan ita ce ainihin wahalar makiyayi. Dabarar da ake yi ita ce a kankare sandar a hankali, ba tare da an tayar da tartsatsi ba, a tara ɗan garinta a kan abin da ake son kunnawa, sannan a ƙyasta a kai, garin ya kama gaba ɗaya da zafi mai yawa. Wata dabarar kuma a riƙa yawo da auduga da aka murza da man shanu ko man kaɗe cikin ƙaramin gwangwani, domin irin wannan tana ci na ƴan mintoci, har ta busar da ƙiraren da ke kanta. Sannan ita kanta sandar, in aka bar ta cikin danshi ko gumi na tsawon lokaci, tana yin tsatsa mai kama da toka ta soma ɓarɓashewa, saboda haka bayan wankan da autan ya yi mata sai da na shanya ta na shafa mata mai.

Kawu ya yaba, amma da sharaɗi. Ya ce tartsatsin ƙyastunsa a kan dutse yake mutuwa, na wannan kuwa yana tsalle ya faɗa nesa yana ci, kuma abin da zai kunna busasshiyar ciyawa da bugu ɗaya ba abin da za a bar wa yaran kiwo ba ne a watan da daji ya bushe. Na ga gaskiyarsa, domin da dare na ga yadda wasu ƙwayoyin tartsatsin suke gangarawa a kan yashi suna ci bayan sun bar sandar. Ko wutar shayin da muka kunna, bai kwanta ba sai da ya rufe ta da yashi, ya taka, ya kuma sa bayan hannu ya ji babu zafi. A ganina mai tafiya a daji ya riƙe birikensa domin buƙatar yau da kullum, tun da ya fi sauri kuma yana da arha a kowace kasuwa, ya ajiye sandar a ƙasan jaka domin ranar da biriken ya ƙi. Wanda kuma bai iya haɗa wuta da ashana ɗaya ba, sandar ba za ta koya masa ba.

Na komo Tawa ta hanyar da na bi. Fallen ƙarfen da ya zo da sandar ƙarami ne, yana zamewa idan yatsu suka yi sanyi, saboda haka ranar Lahadi da kasuwa ta ci na biya wajen wani maƙeri da muke hulɗa da shi tun zamanin mahaifina. Da ya ga tartsatsin sai ya ajiye guduma, ya ce in ba shi ya sa a wuta ya ga irin ƙarfen. Na ce, "Baba, wannan ba ya shiga maƙera, in ya ji zuga lalacewa zai yi, ko ya kama ya ƙone." Ya gwada ta da magagari, ya ga yadda take cinyewa, ya yarda ba aikin uwar maƙera ba ce. Ya tono karyayyen bakin zarton yankan ƙarfe daga cikin tarkace, ya goge bayansa a dutse har gefen ya tsaya cak da kaifi, ya dasa shi a guntun icen ƙirya. Ita ma sandar ya cire mata ƴar robar da ke kanta ya sa mata ƙotar ƙaho, ya huda ya zura tsirkiyar fata. Tartsatsin da sabon makankarin ya fitar ya fi na da yawa, har ɗan zugarsa ya ja da baya. Da na tambayi kuɗin aiki sai ya ce in bar shi, amma in gaya wa ƙanena ya aiko da sandunan zalla, ba ƙota ba makankari, masu kauri in da hali, shi zai yi musu sauran, domin Buzaye da Fulanin da ke shigowa cin kasuwa daga arewa a rumfarsa suke sayen wuƙaƙe.